Gilashin kyamara 70-200mm f/2.8: zai wadatar da ƙwallo da tsuntsaye?

Mai Hoto:
Assalamu alaikum. Ina ɗaukar wasan ƙwallon yamma, kuma ina sha'awar tsuntsayen dausayin Haɗeja-Nguru. Shin wannan gilashin zai wadatar?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. A fagen wasa ba shi da na biyu, domin f/2.8 (ma'aunin faɗin ƙofar da haske ke shiga gilashin) yana shigar da ninkin hasken f/4, saboda haka ko rana ta kusa faɗuwa za ka iya tsayar da mai gudu cak a saurin ɗaukar hoto na 1/1000 na daƙiƙa, bayansa kuma ya dusashe. Sai dai nauyi, kusan kilo ɗaya da rabi.

Baba Mai Kyamara:
Yaro, tsuntsu ba ya jiran a matso shi. 200mm, wato iyakar yadda gilashin ke jawo abu kusa, ya yi gajere. Ƙara masa na'urar ƙara jawo abu kusa ta 1.4x, ya kai 280mm a f/4.