Yaya 'yan mishan suka yi a Afirka ta Tsakiya bayan juyin mulkin Seleka?

Ɗanbirni:
Jama'a barkanmu da war haka. Tambaya gare ni ga masana aikin agaji. Da 'yan tawayen Seleka suka ƙwace Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ranar 24 ga Maris 2013, Shugaba François Bozizé ya tsere Kamaru, jagoran Seleka Michel Djotodia ya naɗa kansa shugaban ƙasa, wasu 'yan mishan sun fice, wasu sun zauna daram. Da me ake yanke shawarar tafiya ko zama? Wanda ya zauna kuma, me yake tanada?

Malam Makaniki:
Ɗanbirni, mataki uku ne: a kulle ƙofa a lafe a gida, a koma wani gari cikin ƙasar, ko a fice gaba ɗaya. Tun ana zaman lafiya ake rubuta alamar da za ta sa a ɗauki kowanne, misali idan gari kaza ya faɗa hannun 'yan tawaye, mata da yara su tashi. Wanda ya jira sai ya ji harbi, hanya ta riga ta rufe. Mafita daga Bangui ba ta da yawa: filin jirgin M'Poko, titin Garoua-Boulaï mai kusan kilomita 600 zuwa iyakar Kamaru, ko kwalekwale a ƙetare kogin Ubangi zuwa garin Zongo a Kwango Kinshasa.

Abin da ya fi jawo wa mishan bala'i mota ce. A ƙauyukan ƙasar, sau da yawa mishan ne kaɗai ke da Land Cruiser mai lafiya, da man gas a duro, da janareta. Shi ya sa Seleka kan fara da can. A garin Bangassou sun yi awon gaba da motocin cocin Katolika. Cire batir ba ya hana komai, za su kawo nasu. A kwance tayoyi da famfon inja a ɓoye a wani wuri daban, mota ta zauna kan dutse kamar ta daɗe da mutuwa. Amma idan an ɗora maka bindiga, miƙa makulli. A raba kuɗin sefa gida biyu, kaɗan a inda za a gani, domin wanda ya yi bincike bai samu komai ba duka yake komawa yi. Wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya kuma a ɓoye ta, ganinta kan sa a ce kai ɗan leƙen asiri ne.

Hajiya Nas:
Malam ya yi maganar kaya, bari in yi ta mutane. Wanda ya zauna, harabarsa sansani take zama cikin dare ɗaya. A garin Bossangoa dubun dubatar Kirista sun cika harabar cocin Katolika a ƙarshen 2013, Musulmi kuma suka taru a makarantar Liberté.

Ruwa ne farko: lita 15 ga kowane mutum a rana. Mutum 2,000 ke nan lita 30,000, kuma famfon tuƙa-tuƙa guda ba zai ba da wannan ba. Ana jiƙa garin kulorin mai ƙarfin kashi 70, giram 15 a lita ɗaya, daga ciki ake ɗiba ana zuba wa ruwan sha, a jira minti 30. Ruwa mai laka sai an bar shi ya kwanta tukuna, in ba haka ba kulorin a banza. Masai ɗaya ga mutum 50 a kwanakin farko, daga baya a kai ɗaya ga 20, nesa da rijiya aƙalla mita 30. A yi wa yara rigakafin ƙyanda da wuri, cunkoso ne abincinta. Firjin allura kuwa tsakanin digiri 2 da 8 yake so, wutar sola ta fi masa, tunda man janareta shi ake fara sacewa. Masu shan maganin tarin fuka da na ƙanjamau a ba su na wata biyu ko uku a hannu kafin hanya ta yanke.

Dattijo:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ƙarin da zan yi, haɗarin ya sauya fuska. Bayan harin anti-balaka, mayaƙan sa-kai galibi Kirista masu adawa da Seleka, a Bangui ranar 5 ga Disamba 2013, da murabus ɗin Djotodia a Janairun 2014, Musulmi aka koma farauta. Fada Bernard Kinvi, ɗan Togo, ya ɓoye ɗaruruwansu a asibitin mishan na Bossemptélé, har sojojin Afirka suka raka ayarin manyan motoci zuwa Kamaru. Limam Oumar Kobine Layama, shugaban al'ummar Musulmin ƙasar, shi kansa a gidan Akbishop na Bangui Dieudonné Nzapalainga ya fake.

Sharaɗin da ke riƙe irin wannan wuri: ba a shiga da makami, ko adda ce a ajiye a bakin ƙofa, kuma a yi wa kowane ɓangare magani. Ranar da aka ga mayaƙi ɗaya da bindiga a ciki, harabar ta zama fagen daga. Sannan kafin baƙo ya hau jirgi, a biya ma'aikata 'yan ƙasa albashinsu gaba, a rubuta wanda aka bar wa makullin ma'ajiyar magani da sa hannun banki, domin ma'aikatan nan ne 'yan bindiga za su tsare suna tambayar inda kuɗi yake.