Neman shawara: tsohuwar na'urar CD mai nauyi ko sabuwa, wacce zan ɗauka?

Mai Neman Shawara:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan na'urar buga CD. Na daɗe ina tara fayafayai, akasarinsu na piyano da kiɗa mai sanyi, kuma har yau ni mutum ne mai zama ya saurari faifai daga farko har ƙarshe. To na'urar da nake amfani da ita ta fara gajiya. In na sa faifai sai ta yi ta juya shi tana 'yar ƙara ciki-ciki kafin ta nuna yawan waƙoƙin, wani lokaci ma ta ce babu faifai alhali yana ciki. Waƙoƙin ƙarshe ta fi tsallakewa. Tiren ma sai na taimaka masa da yatsa yake shigewa.

Na ƙudurta wannan karon in sayi ta ƙwarai wadda za ta jima. Hanya uku ce a gabana. Akwai tsohuwar Marantz CD-94 ta hannu, mai aisin nan (wato IC, ɗan guntun lantarki) na gidan TDA1541 na Philips da ake ta yabo. Akwai sababbi na manyan kamfanoni irin Accuphase da Luxman da Esoteric. Wasu kuma sun ce in sayi wadda aikinta karanta faifai kawai, in haɗa ta da DAC daban, wato na'urar da ke mayar da lambobin faifai su zama sauti. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne nauyi. Za ka ga wata ta haura kilo 20, jikinta duk alminiyam mai kauri. Wannan ƙarfen yana fitowa a sauti kuwa, ko ado ne kawai? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Tsohon Mai Gyara:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu kai ga saye, bari in fara da wadda ke hannunka, don duk alamomin da ka lissafa na san su. Tiren da kake turawa, bel ɗinsa ne ya saki, 'yar robar nan ce da ke haɗa mota (ɗan injin da ke jan tire) da ƙafafun nan masu haƙora, canja ta ba wani aiki ba ne. Jinkirin karatu kuma, ko dai idon lezar ya yi ƙura, ko lezar kanta ta yi rauni. Buɗe murfin, ka sami auduga mai tsinke ka goge idon a hankali, kamar ba ka so, don a kan siraran wayoyi yake lilo. Amma kada ka yarda wani ya murɗa maka ɗan sukurun ƙara ƙarfin leza da ka. Za ta yi karatu na ɗan lokaci, sannan ta mutu gaba ɗaya.

Batun waƙoƙin ƙarshe, ka san CD daga tsakiya ake fara karanta shi a fito waje. Waƙar ƙarshe tana bakin faifai, inda ya fi yin rawa idan bai zauna daidai ba, kuma can ne ƙarshen sandar da kan lezar ke zamewa a kai, inda giris ya fi bushewa. Goge tsohon giris a sa sabo yakan magance wannan.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. Duk na'urar da za ka saya, tsohuwa ko sabuwa, tambayar farko ita ce wane kan leza ke cikinta, kuma ana samunsa? Leza tana da kwanakinta, komai tsadar akwatin da aka sa ta. Na sha ganin na'ura mai kyan gaske, jiki lafiya, allo lafiya, an jingine ta saboda babu kan da za a sa mata. Sony KSS-213 ko'ina akwai shi. KSS-151A kuwa, wanda ke cikin manyan na'urori da dama na wancan zamani, samun na asali sai an sha wuya. Ita CD-94 injin Philips CDM-1 ne a cikinta, mai hannu da ke lilo yana bin layin faifai. Yana cikin mafi ƙarkon da aka taɓa ƙerawa, amma an daɗe da daina yin sa. Ranar da ya tsaya, sai dai ka nemi wata na'urar a ciro nata.

Injiniyan Sauti:

Baba ya gama magana ta fuskar ƙarko. Ni bari in taɓa tambayar nauyi, don a nan ake yawan ruɗa mutane.

Tun 1980 da Philips da Sony suka tsayar da ƙa'idar CD, abin da ke kan faifai bai canja ba: lambobi ne, ana ɗaukar sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, da bit 16. Sony CDP-101 da ta fito a Japan a 1982 da wadda aka ƙera bana, lambobi iri ɗaya suke tararwa. Kuma an saka wa tsarin hanyar gyara kuskure mai suna CIRC, an warwatsa bayanan a kan faifan yadda ko ƙarzuwa ta shafe wajen milimita 2 na layi, na'ura za ta iya dawo da ainihin lambobin ba tare da ƙiyasi ba. Ke nan in faifai lafiyayye ne kuma leza lafiyayya ce, mai kilo 4 da mai kilo 20 abu ɗaya za su karanto. Ƙarfe ba ya ƙara wa lamba zaƙi.

Inda bambanci zai iya shigowa shi ne bayan karatu. Akwai DAC, wato sashen da ke mayar da lambobin su zama sauti, da matatar da ke tare da shi. Akwai agogon da ke ba da lokacin fitar kowace lamba. Akwai sashen fitar da sauti zuwa amfilifaya, sai kuma wutar da ke ciyar da su duka. Kaso mai yawa na nauyin manyan na'urorin nan taransfoma ne: a raba wa mota da leza nasu, a ba sashen sauti nasa, don hayaniyar mota kada ta bi wuta ta shiga kiɗa. Wannan aiki ne na gaskiya kuma mita tana nuna shi. Sai dai tambayar ita ce ko kunne yana kama shi, kuma a na'urorin zamani masu kyau bambancin ya yi ƙanƙanta ƙwarai.

Ɗan'uwa, in ka je gwaji ga tarkon da za ka kiyaye. Yawancin na'urori suna fitar da sauti mai ƙarfin kusan bolt 2 ta mafitar RCA, amma wata tana ɗan haura haka, ta mafitar XLR kuma sau da yawa ninki biyu ne. Kunnen ɗan Adam in aka ƙara masa ƙara kaɗan, ba ya cewa "wannan ta fi ƙara", cewa yake "wannan ta fi buɗewa, ta fi bes". Ka daidaita ƙarar biyun da mita, ka juya baya, wani ya riƙa canja maka ba tare da ka san wacce ke bugawa ba. In ka ci gaba da gane ta haka, to bambancin na gaske ne, ka biya kuɗinsa da zuciya ɗaya.

Masoyin Tsoffin Kaya:

Injiniya, da girmamawa, ban yarda da kai duka ba. Na yi irin gwajin da kake faɗa, an daidaita ƙara, kuma TDA1541A ba ta yi min kama da sababbin aisin kamfanonin ESS ko AKM ba. Ba hanya ɗaya suke bi ba. Tsohuwar tana fitar da kowace lamba kai tsaye da bit 16 ɗinta, sababbin kuwa suna amfani da bit kaɗan cikin gudu mai tsanani, su tura hayaniyar can sama inda kunne ba ya kaiwa. A takarda sababbin sun fi, ban musa ba. Amma muryar mutum a tsohuwar tana da jiki, ina iya yin sa'o'i ban gaji ba. Philips da kansu sukan tace waɗanda suka fi daidaito su buga musu tambarin kambi, guda ko biyu, kuma Marantz ta koma wa mai kambi biyun a CD-7 a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kusan kowa ya riga ya bar ta. Ba a banza suka yi haka ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai CD-94 zan ce ka ɗauka.

Injiniyan Sauti:

Yaya, ban ƙaryata kunnenka ba. Matatar wancan zamani da sashen fitar sautinsu sun bambanta da na yanzu, don haka mai yiwuwa ne ka ji wani abu. Abin da nake ƙi shi ne a kira shi "ya fi daidai". Ya fi maka daɗi, wannan hujja ce mai zaman kanta. Sai dai ka faɗa masa sauran: na'urar da ta haura shekara 35, kafasitocinta sun bushe ko suna hanya, don haka sautin da zai ji ba lalle ne ya zama wanda ta fito da shi daga masana'anta ba. Kuma tunda aka daina yin aisin, jabu masu tambarin kambi sun yi yawa.

Malama Mai Koyar da Piyano:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan'uwa, tunda ka ce piyano kake ji, akwai wani amfanin ginin kirki da ba a ambata ba, kuma ni shi ya sa na canja tawa. Faifai yana juyawa kusan sau 500 a minti a farkonsa, ya sauko wajen 200 a ƙarshe. A na'ura mai siririn jiki, idan mai kiɗa ya ɗaga hannu sautin yana mutuwa a hankali, sai ka ji "sssss" na juyawar faifai daga cikin akwatin, wani lokaci da ɗan ƙyas-ƙyas na leza tana gyara zama. Ba ta sifika yake fitowa ba, daga jikin na'urar ne. Da dare in gida ya yi tsit, yana ɓata min wurin da na fi so a kiɗan. Mai kaurin jiki da murfi mai rufewa ruf tana haɗiye wannan. Don haka in ka je dubawa, ka sa faifai, ka rage ƙara gaba ɗaya, ka kanga kunnenka kusa da ita.

Masu ƙira sun bi hanyoyi daban-daban a kan wannan. Esoteric suna da VRDS, wani faranti da ke danne faifan gaba ɗayansa don kada ya yi rawa. CEC da bel suke juya faifai. Rega kuma sun ajiye tire, ta sama ake sa faifai, ka ga abu ɗaya mai lalacewa ya ragu.

Amma fa in faɗa maka gaskiya, ranar da na janyo sifikuna daga jikin bango na shimfiɗa kafet a tsakaninmu, canjin da na ji ya fi na canja na'ura nesa ba kusa ba. Haka kuma faifan kansa. Da yawa daga cikin waɗanda aka sake fitarwa daga tsakiyar shekarun 1990 an matse sautinsu don su yi ƙara, babu sanyi babu zafi, komai a sama. Babu na'urar da za ta dawo da abin da aka matse tun a situdiyo.

Ɗalibin Lantarki:

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki. Ni hanya ta uku nake goyon baya, saboda maganar Baba. Abin da ke mutuwa shi ne mai motsi: leza, mota, bel. DAC ba ya motsi, yana iya shekaru da yawa lafiya. In ka raba su, ka zuba kuɗinka a DAC mai kyau, ka haɗa shi da mai karatu matsakaiciya ta wayar coaxial mai ohm 75. Ranar da lezar ta gaji, ita kaɗai za ka canja, sautin da ka saba da shi yana nan. Kuma DAC ɗin zai karɓi kwamfuta, sai ka kwafe fayafayanka zuwa FLAC, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, ka ajiye, ko da wani ya karce.

Abu ɗaya za ka lura: in kana da SACD, wani nau'in faifai da Sony da Philips suka fitar a 1999, sautinsa na musamman mai suna DSD ba ya fita ta wannan wayar a yawancin na'urori saboda kariyar kwafi. Mai tarin SACD gara ya sayi na'ura guda mai komai a ciki.

Mai Neman Shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na goge idon kamar yadda ka ce, yanzu tana kama faifai da wuri, saura bel da giris. Ba ni da SACD ko ɗaya, don haka hankalina ya karkata ga shawarar ƙanenmu: in gyara wannan, tunda tana da mafitar coaxial, in sayi DAC in gwada yadda Injiniya ya tsara. Sai dai zuciyata ba ta saki CD-94 ɗin ba, mai ita ya yarda in je in saurara. Me zan duba in na je?

Tsohon Mai Gyara:

Madalla. Ka ce masa kada ya kunna ta kafin ka iso, don leza mai rauni ta fi nuna halinta da sanyi. Ka tafi da fayafayanka: ɗaya mai tsawo da ya kusa minti 80, ɗaya mai 'yar ƙarzuwa, da CD-R guda, wato irin wanda ake kwafa a kwamfuta, don shi ba ya mayar da haske kamar na kamfani, gajiyayyar leza takan fara gazawa a kansa. Ka lura da daƙiƙa nawa take ɗauka kafin ta nuna waƙoƙi, ka tsallaka kai tsaye zuwa ta ƙarshe, ka dawo ta farko, ka maimaita. Buɗe tire ka rufe sau da yawa, ka ga ko yana tsayawa a hanya. Ka bar ta ta yi zafi kamar rabin awa, sannan ka saurari kowace sifika ita kaɗai, ko akwai ƙirƙir ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Ka tambaye shi ko an taɓa canja kafasitoci, wa ya yi aikin, kuma ya yarda a buɗe murfi ka ga aisin da idonka. In ya ƙi a buɗe, ka yi masa godiya ka dawo gida. In kuma ta ci duk wannan, ka ɗauko hoton cikinta ka turo, zan duba maka allon lantarkinta kafin ka ba da kuɗi.