Idan Chaina ce ke ƙera wayoyinmu, me ya sa takunkumin Amurka ke cizon ta?

Bakin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Gyaran waya nake yi a Kano, kuma yawancin abin da ke zuwa teburina Tecno ne da Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion na Shenzhen. Amma in ka buɗe injin ka ɗaga murfin ƙarfen nan, sau da yawa sunan MediaTek za ka gani a jikin babbar IC, wato cip ɗin da ke zaman ƙwaƙwalwar wayar, MediaTek kuwa kamfanin Taiwan ne. To Chaina, ƙasar da ta cika duniya da waya, me ya hana ta yin nata cip ɗin ta huta da barazanar Amurka? Abincinmu ne a ciki, shi ya sa nake son sani.

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Tana yi, ɗana, amma mafi inganci ne ya gagare ta. Ko MediaTek ɗin zane kawai yake yi, TSMC, kamfanin ƙera cip na Taiwan, ke buga masa mafi yawa. Ita ma TSMC ba ta tsaya da ƙafarta ba: injin da ke zana layuka mafi siranta a jikin cip, kamfani ɗaya tak ke ƙera shi a duniya, ASML na Holan, madubansa kuma daga Zeiss na Jamus suke zuwa. Wannan injin ba a bari an sayar wa Chaina ba. A Oktoba 2022 Amurka ta ƙara ɗaure igiyar, ta hana kai mata manyan cip da kayan ƙera su.

Hajiya Ummi:
Baba Injiniya, a faɗi ɗayan ɓangaren ma. A 2023 Chaina ta taƙaita fitar da galiyom da jamaniyom, ma'adinan da ake amfani da su wajen ƙera wasu cip, kuma kusan duk galiyom na duniya daga wurinta yake fitowa. A 2023 ɗin dai Huawei ya fito da wayar Mate 60 Pro da cip ɗin da SMIC, kamfanin ƙera cip na Chaina, ya buga a gida. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na Nexperia, kamfanin cip da ke Holan, a 2025. Gwamnatin Holan ta karɓe ikon kamfanin daga hannun masu shi 'yan Chaina, Beijing ta tsayar da fitar da kayansa da ake kammalawa a garin Dongguan na Chaina. Ƙananan cip ne fa masu araha, amma sai da Honda ya rage ƙera motoci a Arewacin Amurka.

Bakin Kasuwa:
Na gode, Baba. Hajiya, naki ya fi taɓa ni, domin irin waɗannan ƙanana nake canzawa kullum: na caji, na wuta, na hasken fuska. In sun yanke a Shenzhen, babu wata gwamnati da za ta tuna da mu wajen rabo. Akwai wanda ke sayo kaya kai tsaye daga can ya gaya mana yadda farashin IC na caji yake yanzu?