Tashar Hotoro: daga CTV zuwa ARTV, a baituka

Baffan Yakasai:
Salamu alaikum. Jiya jikata ta ce wai me ya sa nake ce wa gidan talabijin na jihar Kano CTV alhali ARTV ke rubuce a allon. Na ce bari in kawo muku nan. Amsa-amo "wa" ne, kada wanda ya karya.

Ibadan ta riga mu, 1959,
Muka bi sahu ba jimawa.
1962 Kaduna ta kunna,
Aikin Sardaunan Arewa.
Kamfani ne, BCNN sunansa,
Gwamnati da jarin Turawa,
Granada da EMI na Ingila,
Kowa da kasonsa na zubawa.

Innar Fagge:
Baffa ka yada zango Kaduna,
Ka bar mu a rana mu Kanawa.
1977 soja suka yi doka,
Duk wata tasha sai karɓewa.
Aka ɗaure su tsintsiya ɗaya,
NTA, daga Legas ake juyawa.

Ɗan Hotoro:
Inna, bari in ɗora, maƙwabciyarmu ce a titin Maiduguri.

Tsarin mulkin 1979 ya zo,
Jiha na da ikon kafawa.
NPN a sama, PRP a Kano,
Labarinmu sai a yi ta tacewa.
Gwamna Abubakar Rimi ya ce ba ma aron baki,
Mu ci albasarmu mu talakawa.
Ya gina CTV, lamba 67,
Santsi, ɓangarensa a PRP, ya samu wurin faɗawa.

Baffan Yakasai:
Yaro, "tacewa" ɗin nan ra'ayinka ne, 'yan NPN na nan da ransu, za su zo. Amma 67 ta tuna min wahala.

Eriya a kan doguwar gora,
Ni ne mai hawa soro, juyawa.
Yaya na ƙasa yana ta ihu:
"Dama! Tsaya! Ya daina rawa!"
Nepa ta ɗauke, a jawo batirin mota,
Yaran layi sun cika taga da leƙowa.
Mai gida ya rufe ƙyauren akwatin,
A sa makulli, sai gobe buɗewa.

Auta Mai Waya:
Baffa, a yi min afuwa, ni ban ga gorar ba.

1992 Babangida ya sa hannu,
'Yan kasuwa ma na mallakawa.
AREWA24 ta zo a 2014,
Ta tauraro take saukowa.
Tashar gwamna, gwamna ake gani,
Ya tafi, a ga mai gajewa.
Ni kam a wayata nake kallo,
Data ce kawai ke ƙarewa.

Innar Fagge:
Auta, ta ɗan kasuwar ma da mai ita,
Mai talla ke da ta cewa.
Rimi ya rasu a 2010,
Allah jiƙan mai kafawa.
Bayansa aka sa mata sunansa,
ARTV, don tunawa.

Baffan Yakasai:
Amin, Inna. Zan karanta wa jikar tawa da daddare. Amma bakina ya riga ya saba, CTV zan ci gaba da cewa. Ɗan Hotoro, idan ka bi ta ƙofar gidan ka duba min ko tsohon allon yana nan.