Neman shawara: yaya ake gane gidan abincin da za a iya zuwa da yara a bakin teku?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawararku. Idan yara sun samu hutu muna so mu je bakin teku, ni da maigida da yara uku: babbar shekara tara, na tsakiya shekara biyar, sai auta da ke koyon tafiya. Masauki mun kama, amma maganar abinci ce ta tsaya mini a rai. Duk gidan abincin da na duba a intanet hotonsa gwanin sha'awa, sai dai ban san wanda zai karɓi yara masu hayaniya ba. Babbar damuwata ita ce na tsakiyan, jikinsa ba ya karɓar jatan lande. Ya taɓa ci, borin jini ya feso masa, leɓensa ya kumbura. To ga shi inda za mu je kayan ruwa ne abincinsu. Ta yaya kuke zaɓar wuri?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kada hoton teku ya ɗauke miki hankali. Wuraren da ke daf da ruwa kuɗin kallo ake haɗa miki da na abinci, kuma yawancinsu sun san baƙo ne ku, yau kun zo gobe kun tafi. Ki koma baya layi ɗaya ko biyu, ki duba inda mutanen garin suke zama da nasu 'ya'yan. Idan kin ga keken jarirai a bakin ƙofa, kin ga kujerar yara mai tsayi a jingine a gefe, to wurin ya saba da irinku. Wanda kuma aka tsayar da mutum a waje yana tare masu wucewa yana roƙonsu su shigo, ni wuce shi nake yi.

Sannan lokaci ya fi wuri muhimmanci. Yaron da ya wuni cikin rana da ruwa, yunwarsa ba ta jira. Ku je da wuri, kafin a cika, abinci zai fito da sauri kuma masu kawowa ba su gaji ba tukuna.

Baban yara:
Hajiya, a Google Maps da Tripadvisor kada ki tsaya a yawan taurari. Ki shiga sharhin mutane ki jera daga na baya-bayan nan, don wuraren bakin teku suna yawan canza ma'aikata daga wannan kakar baƙi zuwa wata. Akwai wurin bincike a cikin sharhin, ki rubuta kalmar yara ko kujerar jariri ko alaji (wato jiki ya ƙi karɓar wani abinci) da harshen da aka yi sharhin, za ki ga abin da iyaye suka faɗa. Hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu su ne na gaskiya. Ki kuma lura, akwai wuraren da da rana na iyali ne, rana na faɗuwa su koma mashaya da kiɗa mai ƙarfi. Kira ɗaya a waya ya isa ki san wannan.

Anti ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata, ni a kan yaronki zan tsaya, don maganarsa ta fi duk sauran nauyi. Kumburin leɓe ba abin wasa ba ne, kuma yadda ya zo da sauƙi a karon farko ba ya nuna haka zai zo a na biyu. Kafin ku tafi ki kai shi wurin likita, ki faɗa masa inda za ku. Idan ya ga ya dace zai rubuta muku allurar adirenalin ta gaggawa, ya nuna muku yadda ake yin ta a gefen cinya. Maganin ƙaiƙayi da ake sha yana kwantar da borin jini, amma ba ya buɗe numfashi idan ya fara toshewa. Da zarar kin ga yana shaƙewa, muryarsa ta canza, harshe ya kumbura ko ya yi laushi kamar zai suma, allura ce nan take sannan asibiti, ko da ya nuna ya warware. Ranar da kuka sauka ki san asibiti mafi kusa da lambar motar gaggawa ta wurin.

Wanda jatan lande ke yi wa haka, yawanci kaguwa da manyan danginsu ma suna yi masa, don furotin iri ɗaya ne a jikinsu. Kifi kuwa nasa daban ne, yara da yawa masu wannan matsala suna cin kifi lafiya, amma wannan likitansa ne zai yanke.

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne kicin. Za ki ce a kawo masa soyayyen dankali ki ɗauka kin tsira, alhali a man da aka soya jatan lande aka soya shi. Haka ƙarfen gashi, haka cokalin juyawa, haka romon da ake zuba wa shinkafa da miya, sau da yawa da ɓawon jatan lande ake dafa shi. Ko tururin dahuwarsa yana iya tayar wa wasu, saboda haka kada ku zauna kusa da inda ake gashi a fili. Ki rubuta a ɗan kati, da harshen wurin, cewa yaron nan ba ya cin jatan lande da danginsa, ko a mai ko a romo, ki ce a miƙa wa mai dafawa da kansa. Ki kalli yadda aka karɓi katin. Wanda ya shiga ciki ya tambayo ya dawo ya ce wannan da wannan kada ku ci, shi ne abin yarda. Wanda ya yi murmushi ya ce ba komai tun bai karanta ba, ku tashi ku bar wurin.

Mai tambaya:
Anti, Allah ya saka da alheri. Maganar man suya ko kusa ba ta zo mini ba. To wurin da ake jera abinci kowa ya ɗiba fa? Masaukinmu suna da shi, na ɗauka zai fi sauƙi tunda yara za su ga abin da suke so.

Anti ma'aikaciyar jinya:
Ga yaron nan na tsakiya, a'a. Mutane suna cire cokali daga wannan tire su tsoma a wancan. Ki roƙa a zubo masa nasa daga kicin. Ga sauran kuma ki duba zafin abincin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili, mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, don tsakanin nan ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. A zafin bakin teku abin ya fi sauri. Abin da ke turiri ki ɗiba, mai ɗumi-ɗumi ki bar shi. Ɗanyar kawa da duk wani ɗanyen kayan ruwa kada yaro ya taɓa. Ki sa ƙunshin gishirin ORS a jaka saboda gudawa.

Kawu mai son kifi:
'Yata, in ƙara miki kan kifi. Idan an shimfiɗa shi a kan ƙanƙara don a zaɓa, ki matsa ki duba. Sabon kifi idonsa garau yake a tashe, ƙarƙashin kunnensa ja ne, ki danna da yatsa naman ya dawo, kuma ƙanshin ruwan teku yake yi, ba ƙarni mai hawa kai ba. Irin su tuna da makarel idan suka jima ba sanyi suna tara wani sinadari, histamin, wanda dahuwa ba ta kashe shi. Mutum ya ci fuskarsa ta yi ja, kai ya yi ciwo, a ɗauka alaji ne. Manyan kifaye irin shak da kifi mai takobi kuma suna tara sinadarin makuri mai guba, ba a ba ƙananan yara da masu ciki.

A wurare da yawa da nauyi ake sayar da kifi, kuɗin da kika gani a menu na kilo ne ko na giram 100. Ki ce a auna a gabanki a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta, ki kuma tambaya ko an haɗa kuɗin hidima. Na auta kuma ki murmushe tsokar da yatsunki, ƙaya siririya ido ba ya ganinta.

Uwar gida:
Ni ban cika yarda a ci kowane abinci a waje ba idan da mai koyon tafiya. Karin safe da na dare ku yi a masauki idan da hali, na rana ku fita. Idan kun fita, teburin da ke can ciki ko a kusurwa ku nema, nesa da matakala da bakin ruwa, don minti ɗaya kika juya ya sulale. Ki leƙa banɗaki kafin ku zauna, shi zai gaya miki yadda kicin yake. Ruwan kwalba mai hatimi, ƙanƙara kuma idan ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba ki ce a bari.

Maman 'yan biyu:
Ƙari ɗaya: kina zama ki fara ba da odar na yara, a kawo shi kafin naku. Kuma idan kun samu wurin da suka kula da katin yaron nan, ku yi ta komawa, ba sai kun zagaye gari ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira asibiti an ba mu rana kafin tafiya. Anti, katin nan zan rubuta shi yau in turo miki ki duba mini ko na bar wani abu.