Kwana ɗaya a Duwatsun Shere da ɗalibai 40: me za mu shirya?

Malamar aji biyu:
Assalamu alaikum. Makarantarmu a nan Jos za ta kai ɗalibai 40, maza da mata 'yan shekara 12 zuwa 13, su kwana ɗaya a tanti a Duwatsun Shere cikin Janairu. Saura mako uku. Don Allah me ya kamata yara su ɗauka, kuma daga ina matsala ta fi ɓullowa?

Mai horar da 'yan sikawut:
Wa alaikumus salam, Malama. Sanyi za ki fara yi wa shiri. Jos kanta tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, kuma a Janairu awon zafi kan sauka zuwa kusan digiri 10 da dare, ga iskar hunturu. Abin da iyaye ba su cika ganewa ba, ta ƙasa sanyi ya fi shiga jikin mai barci. Yaro ya lulluɓa da bargo biyu amma tabarma kawai ke ƙarƙashinsa, makyarkyata zai kwana yi. A shimfiɗa leda, a ɗora kwali ko 'yar katifa, sannan bargo ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Riguna biyu ko uku marasa kauri da rigar sanyi a kai sun fi jibgegiyar riga guda, don ana iya ragewa in rana ta ɗaga. Hular sanyi, man kaɗanya saboda leɓe, da safa kala biyu: wadda aka yi yawo da ita ta sha gumi, ba a kwana da ita.

Garwashi kuwa kada ya shiga tanti ko da wasa. Gawayi na fitar da iska mai guba marar wari, mai barci bai san ta kama shi ba. Kyandir da maganin sauro na kunnawa su ma a waje, yadin tanti nan da nan yake cin wuta. Kowa da tocilarsa.

Ku kafa tantunan a filin makaranta mako guda kafin tafiya. A nan za a ga wanda turakunsa ba su cika ba. A koya musu ɗaure igiya a jikin dutse, don wani wurin turke ba ya shiga.

Ma'aikaciyar jinya:
Takardar amincewar iyaye ta tambayi sikila, asma da farfaɗiya ƙarara. Sanyi da ƙishirwa na tayar da ciwon sikila, don haka sai likita ya yarda. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a jakar malami ba. Ruwan sha lita 3 ga kowane yaro a rana, wato lita 120, jarka shida masu lita 20, ban da na girki da alwala. In gudawa ta zo: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Audugar mata ta kasance a hannun malama, wata a can za ta fara gani. Mai fitsarin kwance a tashe shi cikin sirri. In maciji ya sari yaro, ba tsaga, ba ɗaure da roba, a hana shi motsi a nufi asibiti. Mota ta kwana a wurin da direbanta.

Tsohon shugaban makaranta:
Malami ɗaya ga yara 8, aƙalla biyu mata. A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai unguwa a rubuce, kuma a sake tambayar halin tsaro ana gobe tafiya. Ku tuntuɓi cibiyar horar da 'yan ƙasa da shugabanci da ke Shere, jagoran da ya san duwatsun ya fi taswira. Kududdufan tsohuwar haƙar kuza suna da zurfi, gaɓarsu na zaftarewa, babu mai kusantarsu. Ƙirga yara da suna: shiga mota, sauka, bayan magariba, da asuba.

Malamar aji biyu:
Allah ya saka da alheri. Abinci fa, su zo da dafaffe daga gida?

Ma'aikaciyar jinya:
Na rana kawai, a cinye kafin azahar. Shinkafa da alala in sun wuni a kula lalacewa suke. Da dare a dafa dankali ko taliya a can, da safe shayi mai zafi da burodi.