Wace kalma ce za mu ba kiɗan "psychedelic" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku. Ina rubutu ne kan wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka, 13th Floor Elevators, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: psychedelic. Na rubuta "saikedelik", na karanta wa ƙanena, ya ce sunan magani ne?

Ga tushen kalmar. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila da ke aiki a Kanada, Humphry Osmond, shi ya ƙirƙiro ta a 1956, daga kalmomin Girkanci biyu: ɗaya rai ko hankali, ɗaya bayyanawa. Wato abin da ke fito da ɓoyayyen cikin hankali fili.

Ita kuwa ƙungiyar, an kafa ta a birnin Austin na jihar Texas a 1965. Sunan ma, wato lif-lif na hawa na 13, da gangan ne: dogayen gine-gine da yawa a Amurka ba sa rubuta hawa na 13 saboda camfi, su kuma suka ce nasu lif ɗin can zai kai ka, hawan da aka ce babu shi. Roky Erickson ne mai waƙa. Tommy Hall shi ne mai tunanin tafiyar, kuma kayan kiɗansa tulu ne: yana kanga shi a baki tare da makirufo, yana fitar da wani sauti mai karkarwa kamar ruwa na tafasa. Faifansu na farko ya fito a 1966 ta wani ƙaramin kamfani na Houston, International Artists, kuma suna cikin na farkon da suka ɗora wannan kalma a kan faifai. Ɗaya kalmar da zan siffanta ƙungiyar da ita, "independent", ba ta ba ni wahala ba, "mai cin gashin kanta" ya wadatar.

Wani malamina ya ce in rubuta "kiɗan maye" in huta. Malam, da gaskiyarka ta wani gefen. Hall ya yi imani ƙwayar LSD, mai sa gane-gane, za ta sake wa mutum tsarin tunani, kuma ba su ɓoye shanta ba. Abin bai ƙare musu da daɗi ba: a 1969 aka kama Erickson da tabar wiwi, ya ƙare a asibitin masu taɓin hankali na Rusk har 1972, ƙungiyar ta watse. Duk lokacin da na ji muryarsa, wannan ne ke fara zuwa mini a rai.

Amma kalmar ta daɗe da barin ƙwaya ta koma sunan salon sauti: jita mai amsa-kuwwa, zubi ɗaya da ake ta nanatawa har ka manta inda aka faro. Da ita 'yan jaridar Turawa ke siffanta kiɗan Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar. In muka ce masa "kiɗan maye", mun yi masa ƙazafi.

An kawo "kiɗan bori". A'a, bori na da ma'anarsa da mutanensa. An kawo "shauƙi" da "kashafi", kuma kashafi ne ya fi kusa da ma'anar Girkancin, amma kalma ce ta Sufaye, ba zan ɗauko ta daga zawiyya in kai ta dandalin rawa ba. "Kawalwalniya" ta burge ni ƙwarai, domin kuwa haka sautin yake rawa a kunne, sai dai ita yaudara ce, ka je ka tarar babu ruwa, su kuwa waɗannan makaɗa cewa suke akwai abin gani.

Inda na tsaya shi ne "mafarkin ido biyu". Kana farke, amma abin da kake ji ya ɗauke ka. Bai zagi kowa ba, bai taɓa addini ba, kuma wanda bai taɓa jin kiɗan ba zai hasko shi. Aibinsa tsawo ne kawai.

Ga yadda jimlar za ta zauna a rubutuna: "13th Floor Elevators ƙungiya ce mai cin gashin kanta da ta yi kiɗan rok na mafarkin ido biyu." Malamanmu na Hausa, in akwai wadda ta fi wannan gajarta, ku ajiye mini ita a ƙasa kafin Juma'a.